Tambayi Likita: An yanke ƙashin kafaɗa saboda ƙari, hannun zai sake moruwa kuwa?

Jama'a assalamu alaikum. Tunda muka taɓo maganar kansar ƙashi saƙonni suke ta shigowa, kuma yawancinsu akan kafaɗa suke, musamman batun ƙarfen nan da ake ƙerawa mutum daidai jikinsa bayan an yanke ƙashin da ƙari ya ci. Na cire sunaye kamar yadda muka saba, ga tambayoyin nan.

TAMBAYA: Salam likita, barka da ƙoƙari. Dan Allah ɗana ne ɗan shekara 16, ya daɗe yana kukan kafaɗarsa ta dama musamman da daddare ko bacci baya iya yi, mun ɗauka faɗuwa yayi a wajen ƙwallo sai wajen ya fara kumbura, da akayi hoto aka ɗebi tsoka aka gwada sukace wai ostiyosakoma ce, wata irin kansar ƙashi, a saman ƙashin damtsensa. Yanzu sunce sai yayi kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin kansa, tukunna kafin su cire ƙashin su saka masa na ƙarfe. Ni dai hankalina bai kwanta ba, me yasa baza'a cire abun yanzu yanzu ba tunda an ganshi? Kuma hannun nan zai ƙara aiki kuwa ko dai lallashina kawai sukeyi? Daga wata uwa.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya bashi lafiya ya baki juriya. Likitocinku akan hanya suke, kuma ba jan ƙafa sukeyi ba. Ita ostiyosakoma tafi kama matasa masu tasowa irin ɗanki, kuma bayan ƙasusuwan da suke kewaye da gwiwa, saman ƙashin damtse shine wajen da tafi sauka. Matsalarta shine tun kafin a gano ta sau da yawa ƙananan ƙwayoyinta sun riga sun bi jini sun tafi huhu, ƙanana ne sosai ko hoto baya nuna su. Kafin shekarun 1970 abinda aka fi yi shine a yanke hannun ko ƙafar gaba ɗaya, amma duk da haka waɗanda suke rayuwa basu kai 20 cikin 100 ba, saboda ba abinda ke kafaɗar bane yake kisa, wanda ya gudu huhu ne. Da aka fara haɗawa da magungunan kemo irinsu metotireset da dokzorubisin da sisfilatin sai adadin ya haura zuwa wajen 60 zuwa 70 cikin 100 ga waɗanda ba'a ga cutar ta bazu ba lokacin da aka gano ta. Kinga kenan kemon nan shi yake yaƙin ceton ran, tiyata kuma ta kawar da uwar gayyar.

Yawanci ana yin kemo na wajen sati 10 kafin tiyata, a lokacin ƙarin yakan lafa gefensa ya fito fili yadda likita zai san inda zai yanka, a lokacin ne kuma ake shirya ƙarfen. Bayan an cire sai a kai ƙashin ɗakin gwaji a duba kashi nawa na ƙwayoyin suka mutu, in sun kai 90 cikin 100 alama ce mai kyau ƙwarai, sannan a cigaba da kemo na wasu watanni.

To batun hannu, bari in gaya miki gaskiya ba lallashi. Ba ƙarin kaɗai ake ƙwaƙulowa ba, ana cire ƙashin ne a dunƙule tare da lafiyayyar tsoka da ta lulluɓe shi ta ko'ina, wuƙa bata shiga cikin ƙarin ko kaɗan. Manyan jijiyoyin da suke motsa gwiwar hannu da wuyan hannu da yatsu ta hammata suke wucewa, kuma mafi yawan lokuta ana iya tsallake su, dan haka in Allah ya yarda zai ci abinci da hannunsa, zai yi rubutu, zai danna waya da kwamfuta, zai ɗaura aninin rigarsa. Abinda yake raguwa shine ɗaga hannu sama da kai da jifa da ɗaukar kaya masu nauyi. Yawan abinda zai dawo kuwa ba tsadar ƙarfen bane yake yanke shi, abinda ƙarin ya bari ne. Ki tambayi likitan tiyatar abu biyu ɗin nan kai tsaye: shin za'a iya barin tsokar deltoyid, wato wannan mai kaurin da ta rufe dokin kafaɗa, sannan za'a iya barin jijiyar da take bata umarni? In yace eh to akwai fatan ɗaga hannu sosai, in kuma yace ƙarin ya ci su dole a cire, dan Allah karki matsa masa ya bari, barin ɓurɓushin kansa dan a samu motsi babbar asara ce.

TAMBAYA: Likita ina wuni. Ni shekarata 52, an samu kondirosakoma, wato kansar guringuntsi, a allon kafaɗata ta hagu, ance kemo bata mata aiki. Na gani a intanet wai yanzu ana buga ƙashi da firintar 3D daidai mutum, shin da gaske ne kuma yafi wanda aka saba sakawa? Inaso in san ko in dage sai shi. Daga wani magidanci.

AMSA: Lafiya lau Alhaji, Allah ya sawwaƙe. Gaskiya suka gaya maka, kondirosakoma irin wadda aka fi gani bata jin kemo bata jin gashi, wato ƙona ƙari da haske, sosai, maganinta shine a cire ta tsaf a karon farko, tafi kama waɗanda suka haura 40 kuma allon kafaɗa na cikin wuraren da take so.

Batun firinta kuma da gaske ne, amma bari mu ɗan koma baya saboda mutane na ɗauka jiya aka fara. Gaɓar kafaɗa ta roba da ƙarfe ta farko da aka sani wani likita Bafaranshe ne Jules-Émile Péan ya saka ta a Paris a 1893, da filatinam da roba akayi ta, wa wani da tarin fuka ya cinye wa ƙashi, bayan kamar shekara biyu aka cire saboda ruɓa. A Ingila kuma asibitin ƙashi na Stanmore dake gefen Landan sun daɗe suna ƙerawa masu ƙarin ƙashi ƙarfe ɗaya bayan ɗaya tun tsakiyar ƙarnin da ya wuce. Daga shekarun 1980 sai aka koma yin na haɗe haɗe, wato gutsattsarin ƙarfe masu tsayi daban daban da likita zai harhaɗa su ana cikin tiyata har su kai tsayin ƙashin da ya yanke. Bambancin kamar rigar kanti ne da wadda tela ya auna ka ya ɗinka, ta kanti tana yiwa yawancin mutane daidai kuma yau ɗin nan zaka saka, ta tela sai ka jira amma ita ce mafita ga wanda ƙirarsa ta fita daban. Dogon ƙashin damtse kusan miƙaƙƙe ne, shi yasa na haɗe haɗen yake wadatarwa a mafi yawan lokuta, kuma ni a ganina babu dalilin da zaisa mai ostiyosakoma a damtse ya zauna jiran na musamman har tsarin kemonsa ya wargaje. Amma allon kafaɗa irin naka siriri ne, a lanƙwashe, ga ƙusurwoyi, kowa da irin nasa, nan ne na musamman yake da amfani na gaske.

Yadda akeyi: za'a maka hoton CT mai yanka sirara da MRI, CT ya nuna ƙashi MRI ya nuna iyakar ƙarin a cikin ɓargo da tsoka, a haɗa su a kwamfuta a fitar da siffar kafaɗarka. Likita ya zana inda zai yanka, injiniya kuma ya ɗauko hoton lafiyayyar kafaɗarka ta dama ya juya ta ta zama ta hagu ya cike gurbin da ita. Sai na'ura ta riƙa shimfiɗa garin ƙarfen titaniyam tana narka shi da hasken lesa ko na lantarki, shimfiɗa kan shimfiɗa har ƙarfen ya tashi. Inda zai haɗu da ƙashinka ana yinsa da ƙananan ƙofofi birjik dan ƙashi ya tsiro ya shiga ciki ya riƙe, a gefe kuma a bar huduji da za'a ɗinke tsoka. Harda wasu ƴan ma'aunai na roba ake bugowa da suke zama daram akan ƙashi su nunawa zarto hanya, kuma wlh ni waɗannan ma'aunan sun fi burge ni akan ƙarfen kansa saboda su suke taimakawa a yanka daidai inda aka tsara.

Sai dai akwai inda yake da rauni. Aikin yana ɗaukar makonni, in ƙarin mai saurin girma ne zai iya wuce inda aka zana kafin ƙarfen ya iso, kuma in aka buɗe aka ga dole a ƙara yanka to ƙarfen ya zama gajere babu yadda za'a ƙara shi a wajen. Sannan irin na firinta bai daɗe a jikin mutane kamar na haɗe haɗe ba balle a san halinsa bayan shekara ashirin ko talatin. Abu mafi muhimmanci gareka, ka tambaya ko ƙarin ya taɓa gurbin da kan ƙashin damtse yake zama a ciki. In bai taɓa ba, sau da yawa ana yanke jikin allon a bar gurbin ba tare da an saka komai ba, kuma hannun yayi aiki fiye da na wanda aka sakawa ƙarfe. In kuma allon gaba ɗaya zai fita, ƙarfen yana buƙatar tsokokin baya da na kafaɗa su rage da za'a lulluɓe shi dasu su riƙe shi, in babu su sai dai a rataye kan ƙashin damtse a jikin ƙashin wuya, wato wanda ya kwanta tsakanin saman ƙirji da kafaɗa. Dan haka karka dage akan firinta Alhaji, ka dage akan asibitin da suke da tawagar masu kansar ƙashi, su zasu gaya maka wanda ya dace da abinda zai rage.

TAMBAYA: Likita mijina ne aka cirewa ƙari a saman damtse shekara ɗaya kenan aka saka ƙarfe, alhamdulillah ciwon bai dawo ba amma har yanzu baya iya ɗaga hannun ya wuce ƙirjinsa duk fisiyon da yakeyi, wato motsa gaɓa na asibiti, kafaɗar ma kamar ta ɗan zube. Ƴan uwa sunata cewa likitan ne ya ɓata aikin. Haka ne? Daga wata baiwar Allah.

AMSA: Baiwar Allah, daga abinda kika faɗa ban ga alamar an ɓata aiki ba, wannan shine abinda aka fi gani bayan irin wannan tiyatar. Kafaɗa ba kamar ƙugu bace da ƙashi ya shige cikin rami mai zurfi, ita gurbinta fage fage ne, tsokoki huɗu ne da suka taso daga allo suka kewaye kan ƙashin suke danne shi a gurbinsa yayin da deltoyid take ɗagawa. Duk huɗun a saman damtse suke manne, daidai wajen da ake yankewa. To tsoka bata mannewa da sumul ɗin ƙarfe kamar yadda take mannewa da ƙashi, shi yasa likitoci suke naɗe ƙarfen da wata raga ta roba ko bututun da ake gyaran jijiyar jini dashi su ɗinke tsokar akai, wani lokacin kuma su zura ƙarfen cikin ƙashin da aka samo daga ma'ajiyar ƙashi mai ɗauke da agararsa dan a ɗinka agara da agara. Duk wannan yana hana gocewa amma baya dawo da ƙarfin da.

Akwai wata dabara da ta canza lamarin sosai, wani likita a Dijon ta Faransa mai suna Paul Grammont ya fito da ita a 1985, wato juyayyiyar kafaɗa. Maimakon ƙwallon ya kasance akan damtse gurbi akan allo sai a juya, a ɗaure ƙwallon ƙarfe a jikin allo a saka gurbin akan damtse. Wannan yana matso da tsakiyar juyawar ciki da ƙasa, sai deltoyid ita kaɗai ta iya ɗaga hannu ko babu tsokokin nan huɗu, kuma da yawan waɗanda aka yiwa suna kai hannu saitin kafaɗa wasu har su wuce. Sharaɗinta dai deltoyid da jijiyarta su kasance da rai, gurbin allo kuma ya zama da ƙashi mai ƙwari. Ku koma wajen likitansa ku tambaya wane irin ƙarfe aka saka da kuma ko jijiyar tana aiki, akwai gwajin lantarki da akeyi wa tsoka a gane. Wasu ana iya canza musu zuwa juyayyiyar, amma tiyata ce babba mai haɗarin gocewa da shigar ƙwayoyin cuta, in baya jin ciwo kuma yana harkokinsa to a auna da kyau kafin a sake buɗe wajen. Zubewar kafaɗa kaɗan ramewar tsoka ce, amma in yaga kan ƙarfen yana turowa sama ƙarƙashin fata ko ciwo sabo ya taso, wannan kam a je a ɗau hoto ba jira.

TAMBAYA: Ƴata shekararta 8 ance Ewing sakoma ce, wata irin kansar ƙashi, a damtse. In aka saka ƙarfe ai shi baya girma, ya za'ayi in ta girma? Daga wani uba.

AMSA: Malam tambayarka a wajenta take. Wajen kashi 80 cikin 100 na tsawon da ƙashin damtse yake ƙarawa daga farantin girma na sama yake fitowa, wato wajen da ƙashin yaro yake ƙara tsawo, kusa da kafaɗa, in aka cire shi hannun zai gajarta akan ɗan uwansa. Sauƙin abun shine gajartar hannu bata takura mutum kamar ta ƙafa tunda ba akansa ake tafiya ba, ƴan santimita ko lura ba'a cika yi ba. Ga yara ƙanana akwai ƙarfe mai ƙara tsawo, na da sai an ɗan yanka an murɗa, na yanzu kuwa akwai mai maganaɗisu a ciki da ake zura hannun cikin wata na'ura a asibiti ya ƙaru da ƴan milimita ba tare da yanka ba, sai dai mai irin wannan ba'a saka shi a MRI.

Amma a shekarunta likitoci da yawa sun fi son ƙashi mai rai. Ana ɗauko siririn ƙashin ƙwauri na gefen waje tare da kansa da farantin girmansa da jijiyoyin jininsa, a dasa a damtse a ɗinke jijiyoyin a ƙarƙashin madubin ƙara girma, sai ya cigaba da tsawo yana kauri da kansa. Wasu kuma sukan juyo da ƙashin wuya ƙasa ya maye gurbin. A Kanazawa ta Japan sun fito da hanyar tsoma ƙashin da aka cire cikin ruwan naitirojin mai sanyin 196 ƙasa da sifili ya kashe ƙarin sannan a mayar dashi, amma sai ƙashin bai ruɓe da yawa ba. Ita Ewing, wadda James Ewing ya bayyana a 1921, tana jin kemo da gashi sosai, to amma gashin shima yana kashe farantin girma, shi yasa ake zama a auna tsakanin su kafin a yanke shawara.

TAMBAYA: An saka min ƙarfen nan wata shida da suka wuce. Zan iya shiga MRI? Na'urar filin jirgi fa? Kuma shekara nawa yakeyi?

AMSA: Titaniyam baya hana MRI sai dai yana ɗan dusashe hoton wajen, ka dai gaya musu kafin ka shiga. Na'urar filin jirgi zata iya yin ƙara, ka riƙe takardar asibiti. Ƙarfen hannu yakan fi na ƙafa daɗewa tunda baya ɗaukar nauyin jiki, amma matashi ya saka a ransa wataƙila a sake taɓa wajen nan gaba. Babban abin tsoro shine ƙwayoyin cuta su zauna a jikin ƙarfen, musamman ga wanda kemo ta raunana, har wasu kamfanoni suna shafe shi da azurfa saboda haka. In kaga wajen yayi ja ko zafi ko ruwa na fita ko zazzaɓi, karka fara shan maganin kashe ƙwayoyin cuta da kanka domin yana ɓoye ƙwayar a kasa gano ta a gwaji, ka tafi wajen waɗanda suka maka aikin. Ka kiyaye iyakar nauyin da suka baka, kuma kar ka tsallake hoton huhu, a shekara biyun farko kusan duk wata uku ake yi.

TAMBAYA: Likita ƙanina yana da kumburi mai tauri a kafaɗa yana ƙara girma, hoto ya nuna wani abu a ƙashin, wani likita yace kawai ya zo a yanka a cire a kai gwaji daga baya. Mu yarda? Daga wata yaya.

AMSA: A'a Yaya, dan Allah ku dakata, wannan tambayar tafi duk na sama gaggawa. Ba kowane kumburin ƙashi bane kansa, da yawa ma ba ita bace, amma ba'a yanka kafin a sani. Tsarin shine MRI da hoton ƙirji tukunna, sannan a ɗebi ɗan samfur da allura, kuma wanda zai ɗiba ya zama cikin tawagar da zasu yi babbar tiyatar in ta kama. Tun 1982 Henry Mankin da abokan aikinsa a Amurka suka wallafa binciken da ya nuna yadda ɗibar samfur ba bisa ƙa'ida ba yake jawo matsaloli har da yanke gaɓar da da an ceto ta. Dalili kuwa duk hanyar da allura ko wuƙa ta bi ana ɗaukarta a matsayin ta gurɓata, dole a yanke ta tare da ƙarin. A kafaɗa ƙa'idar ita ce a shiga ta ɓangaren gaba na deltoyid, saboda jijiyarta daga baya take zagayowa gaba, in aka cire ɗan yankin gaba sauran tsokar zata cigaba da aiki. In kuwa aka shiga ta baya ko aka tsaga a kwance ko aka farke ƙarin jini ya malala cikin tsoka, to deltoyid ɗin da ake buƙata dan juyayyiyar kafaɗa ta tafi, wani lokacin ma jinin ya gangara hammata ya gurɓata manyan jijiyoyi. Ku karɓi hotunan ku nemi a tura shi asibitin da yake da sashen kansar ƙashi, kafin nan ya rataye hannun ya daina ɗaukar kaya dashi, kar a murza wajen kar a danna, domin ƙashin da ƙari ya ci yana iya karyewa da ɗan abu kaɗan kuma karayar tana ƙara wahalar da aikin.